Birkin Gaba

Shekara ashirin da ɗaya ina faci a Nima,
ƙarƙashin rumfar kwano, bakin babbar kwata.
Na san kukan sarƙa in ta ji ƙishin mai,
na san taya mai ciwo kafin a juya ta.
Amma duk hawan da na yi a kan kwalta ne,
daga shago zuwa masallaci,
daga masallaci zuwa wurin mai wake da shinkafa.

Sai ga Akosuwa wata Talata
da keke mai taya kamar cinyar ɗan dambe,
jar laka ta bushe masa har wuya.
Na ce, wannan ƙasar ba ta Akra ba ce.
Ta yi dariya, ta nuna arewa da haɓa.
Ta ce, Malam Dantani, Asabar ka zo ka gani.

Muka ɗaure kekuna a saman mota daga Madina.
Bayan Ayi Mensa hanya ta fara murɗewa,
kunnena ya toshe, gari ya koma ƙasa
kamar tsabar gero a faifai.

Ta ce, tashi daga sirdi, ba kujerar shago ba ce.
Saki gwiwa. Sauke diddige.
Yatsa ɗaya ya ishi birki,
sauran huɗun su riƙe maka rai.
Kada ka kalli dutsen da kake tsoro,
keke bawan ido ne,
inda ka duba nan zai kai ka.

Na ce to. Na kalli dutsen.

Ni da na ɗaure birki ya fi dubu,
na damƙe na gaba kamar wuyan ɓarawo.
Keke ya tsaya. Ni ban tsaya ba.
Na farka cikin rogon wani,
hular kwano a karkace, ƙasa a haƙori,
wata akuya tana dubana, tana tuƙa,
ba ta ko yi mini sannu ba.

Ashe sanin ƙarfe daban, sanin gangara daban.

Asabar ta uku na koyi sauya giya kafin hayi,
ba sai ya shaƙe ni ba.
Ta biyar na tsallake saiwa, ban sa ƙafa ba.
Ta shida ruwa ya sauka, na sake faɗuwa,
amma a gefe, a hankali, kamar mai neman wurin zama.

Hanyoyin Aburi ba su da allo.
Ƙafar manoma ce ta rubuta su
tsakanin koko da ayaba da kwakwar manja.
Sai ka sauka, ka gaida tsohuwa mai itace,
ka tambaya da ɗan Asantancin kasuwa,
ta nuna da adda, ta ce akwai rafi.
Wata hanyar ta kai mu bayan gidan mutane,
muka ba da haƙuri, aka ba mu lemu.
Wata ta mutu a cikin ƙaya.
Wata kuwa, ta bakin gonar abarba,
ta zuba ƙasa kamar an kwance rawani,
na ji ina ihu da muryar da na manta ina da ita.

Yanzu a bayan littafin bashi ina zana su.
Ga Saiwa Bakwai. Ga Rafin Tsohuwa.
Ga Gonar Akuya, inda na bar fatar gwiwar hannu.

Litinin Sahabi yaron shago ya ɗauko tsumma
zai goge mini taya.
Na ce bar ta.
Ya ce, Oga, laka ce fa.
Na ce na sani. Miƙo mini sifana goma,
Asabar kuma ka karya da wuri.